An Kori Ƙarar Yayana Tun Ba a Kira Kowa Ba, Mu Sayar da Filin Gado?

Assalamu alaikum Malam. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu ke nan yana gidan yari a wata jiha ta Amurka, saura uku ya fito. Yana da ciwon suga. Bara ya ji rauni a ƙafa, ya ce kusan mako uku yana roƙon a kai shi wajen likita ana ba shi maganin ciwon jiki kawai, har ƙafar ta fara wari. Da aka kai shi asibiti sai da aka yanke masa yatsu biyu. Ba shi da kuɗin lauya, sai ya zauna ya rubuta ƙara da hannunsa, shafi ashirin da shida, wani fursuna da ya san kan abin ya taya shi. Gidan yarin da hukumar gidajen yari ta jihar ya yi ƙara a kotun tarayya. Ba a cika wata biyu ba alƙali ya kori ƙarar, ba a kira kowa ba, shi kansa ba a saurare shi ba. Wannan ce ta biyu, don ya taɓa yin wata a kan kayansa da aka ƙwace, ita ma aka kora. Kwana tara da suka wuce ya kira ni yana kuka, ya ce haɗa baki aka yi, zai ɗaukaka ƙara, mu sayar da filin da Baba ya bar mana a ɗauki wani lauya da aka ba shi labari. Ƙanina ya ce ƙarya yake yi, da gaskiya ne da alƙali bai kora ba, kuma ba mai taɓa filin. Hajiyarmu ba ta san da korar ba, kuma tana da hawan jini. Matarsa da ke can ta ce ya aiko mata kwafin hukuncin, ta ga an rubuta kwana talatin a ciki, amma ba ma shiri da ita sosai. Malam, mu sayar? In faɗa wa Hajiya? Kuma tsakani da Allah, ƙaryar ce ya yi mana?

Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya yanke masa wahala. Ke kuma sannu da ɗawainiya, don na lura kayan kowa a kanki aka jibge: ke ce mai amsa waya, ke ce mai tausar ƙani, ke ce mai gyara fuska kafin ki shiga ɗakin Hajiya. Tambayar da kika ajiye ƙarshe ita zan fara ɗauka, don na san ita ke hana ki barci. Irin wannan korar ba ta nuna cewa ƙarya ya yi.

Ga yadda abin yake. Tun 1996, lokacin da shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira PLRA, wadda aka yi don rage yawan ƙararrakin fursunoni, duk ƙarar da fursuna ya shigar a kan hukuma ko ma'aikacinta sai alƙali ya tace ta kafin a aika wa kowa sammaci. In kin samu takardar za ki iya ganin lamba 1915A, wannan ne sashen. A wannan matakin ba a kiran shaida, ba a duba rauni. Alƙali yakan ɗauka cewa abin da aka rubuta ya faru, sannan ya tambayi kansa: ko da haka ne, doka ta ba ni hurumin kama waɗannan da aka ambata? In amsar a'a ce, sai ya kora. Alƙalin nan bai ga ƙafar yayanki ba, bai ji ta bakin nas ba. Takarda ya gani, kuma takardar ce ta faɗi. Wannan ki isar wa ƙaninki a hankali. Shi ma yayan naki, zancen haɗa baki ya ɗan jingine shi. Ba zan ce babu son kai a shari'ar Amurka ba, amma daga wasiƙarki kaɗai na hango ramuka biyu da kowannensu ya isa ya haɗiye ƙarar ba tare da kowa ya haɗa baki da kowa ba.

Ramin farko shi ne waɗanda ya yi ƙara. Dokar da fursunonin jihohi ke dogaro da ita, sashe na 1983, tsohuwa ce, tun 1871 bayan yaƙin basasarsu, kuma tana magana ne a kan “mutum” da ya yi amfani da ikon gwamnati ya take haƙƙin wani. A 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa jiha da hukumominta ba sa cikin waɗanda ake nufi da mutum a wannan dokar. Gidan yari kuwa gini ne. Wanda ya rubuta sunan gidan yari da na hukuma a gurbin waɗanda yake ƙara, ya jefa guga ne a rijiyar da ba ruwa. Har shugaban gidan yarin ma ba a kama shi don kawai shi ne shugaba. A 2009, a shari'ar Javaid Iqbal, wani ɗan Pakistan da aka tsare a New York bayan harin 11 ga Satumba, kotun ta ce sai an nuna abin da kowane jami'i ya aikata da kansa. Don haka sunan nas ɗin ake so, da na gandiroban da ya karɓi takardar neman likita, da na likitan in ya sani bai zo ba. Wanda bai san sunansa ba, ana sa masa John Doe, a kwatanta shi da ranar da yake bakin aiki, daga baya a binciko sunan.

Rami na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne zai fi yi wa yayanki ɗaci. A 1973 wani fursuna a Teksas mai suna J. W. Gamble yana sauke kaya daga mota sai dilar auduga ta faɗo masa ta ji masa ciwo a baya. Shi ma da hannu ya rubuta ƙararsa. Ta kai Kotun Ƙoli, a 1976 aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: jami'in da ya yi biris da babbar larurar lafiyar fursuna da gangan ya saɓa wa gyara na takwas na tsarin mulki, wanda ya hana azabtarwa. Amma shi Gamble bai yi nasara a kan likitansa ba, saboda ma'aikatan lafiya sun duba shi sau 17 cikin wata uku. Kotun ta ce sakaci ko kuskuren magani daban, biris da gangan daban. A 1994 aka ƙara ɗaure abin: dole a nuna jami'in ya san haɗarin, kuma ya kau da kai.

Kin ga inda gizo ke saƙa. Mutumin da aka yanke wa yatsu in ya ɗauki biro, zuciyarsa ce ke rubutu. Zai cika shafi da “sun zalunce ni, sun mayar da ni dabba, sun take mini haƙƙi.” Duk wannan zai iya zama gaskiya, amma alƙali ba shi da abin kamawa a ciki. Abin da ke tsayawa a gabansa shi ne irin wannan: ranar 3 ga wata da safe na cire safa na nuna wa nas wance ƙafata, ta kumbura tana tsiyayar ruwa, na gaya mata ina da suga, ta ba ni ƙwaya biyu ta ce in koma, ranar 6 na cika takardar neman likita na miƙa wa gandiroba wane, ranar 10 na sake nuna wa nas ɗin nan, yatsun sun yi baƙi, ta ce babu gurbi. Rana, suna, abin da aka faɗa, abin da aka gani, abin da ya biyo baya. Shafi biyar irin wannan ya fi ashirin da shida na kuka. Gaskiya ne tun 1972 Kotun Ƙoli ta umarci alƙalai su sassauta wa rubutun wanda ba shi da lauya, amma sassaucin bai kai alƙali ya ƙirƙiro masa abin da bai rubuta ba. Kuma a yadda kika ba da labari, mai ciwon suga da rauni a ƙafa har mako uku, ga yatsu biyu sun tafi, wannan ba ƙaramar magana ba ce a kowace kotu in an tsara ta daidai.

Yanzu ga abin da ya fi fili, ya fi rigimar ƙaninki, ya fi komai gaggawa: kwana talatin ɗin da matarsa ta gani. Kwana talatin iri biyu ne. Sau da yawa alƙali in ya kori ƙarar marar lauya a matakin tacewa, yakan lissafa masa kurakuransa sannan ya ba shi wa'adi, galibi kwana talatin, ya gyara ya sake miƙawa a cikin wannan shari'ar, ba sabon kuɗi. In wannan ne, ƙofar ba a rufe take ba, kuma alƙalin ya riga ya rubuta masa abin da yake son gani. Ɗaya irin kuma shi ne an rufe shari'ar baki ɗaya, kwana talatin ɗin na sanar da ɗaukaka ƙara ne. A nan akwai kuma damar roƙon alƙalin ya sake duba hukuncinsa cikin kwana 28. Ko wanne ne, lissafin ya fara tun ranar da ke kan hukuncin, ba ranar da ya kira ki ba. Kwana tara sun tafi a idonki, ban da waɗanda wasiƙar ta yi a hanya kafin ta same shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu za su taimake shi. Tun 1988 ƙa'ida ce cewa takardar fursuna marar lauya ta shiga kotu daga ranar da ya miƙa ta ga jami'an gidan yari don aikawa, saboda haka ya rubuta ranar a jiki ya ajiye shaida. Sannan in wa'adin gyara ne kuma ya ga ba zai ishe shi ba, ya aika 'yar gajeriyar takardar neman ƙarin lokaci kafin ya cika. Alƙalai sukan bayar.

Shi ya sa zan ce miki a yau, ba gobe ba, ki kira matar yayanki. Na ji ba kwa shiri. Amma ki tuna shekara huɗu tana riƙe da gida ita kaɗai a ƙasar da komai sai an biya, kuma wataƙila abin da take ji daga gida bai wuce tambaya da ƙorafi ba. Ki fara da gaisuwa da godiya, ki tambayi lafiyarta da ta yara in akwai, sannan ki roƙe ta ta ɗauki hoton kowane shafi ta turo miki ta WhatsApp. In hakan ta gagara, hukunce-hukuncen kotunan tarayya suna kan intanet a rumbun da ake kira PACER, da lambar shari'ar ko sunansa ake nema. Ku sami wanda ya iya Turancin shari'a ya karanta shafin ƙarshe da kyau: an ba shi izinin gyara ko an rufe, kuma wace rana ce iyaka.

In izinin gyara ne, ɗaukaka ƙara yanzu kuskure ne mai tsada. Kuɗin shigar da ƙara dala 350 ne ga fursunan da aka yarda ya biya kaɗan-kaɗan, kuma ba yafe masa ake yi ba: kashi ashirin cikin ɗari ake cira daga abin da ya shiga asusunsa kowane wata har ya cika, ko an kori ƙarar ko ba a kora ba. Wato kuɗin da kuke tura masa na sabulu da waya, ana gutsirar su. Ɗaukaka ƙara kuma dala 605 ce, ita ma da nata cirar a kan ta farko. Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki, inda kika ce wannan ce ta biyu. Dokar nan ta 1996 tana da ƙa'idar kora uku, sashe na 1915(g). Fursunan da aka kori ƙararsa ko ɗaukakarsa sau uku bisa cewa shirme ce, ko mugun nufi, ko ba ta bayyana laifin da doka ta sani ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan. Daga nan sai ya ajiye dala 405 lakadan kafin a karɓi takardarsa, sai dai in yana cikin haɗarin mummunan rauni a daidai lokacin. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce ko korar da ta bar damar sake shigar da sabuwar ƙara tana shiga lissafi, amma ba a lissafa wadda aka ba mutum izinin gyarawa a cikin shari'ar. In ya yi fushi ya bar wa'adin ya wuce, za a rufe, kuma tana iya zama ta biyu. In ya ɗaukaka kotun sama ta ce shirme ne, ta uku ke nan. Mutum mai ciwon suga da sauran shekara uku a ciki bai kamata ya ƙone wannan damar a kan zuciya ba.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi masa da ya sake kira: ya shigar da koke a cikin gidan yarin a kan maganar ƙafar, kuma ya bi shi har matakin ƙarshe? Dokar ta ce babu zuwa kotu sai an ƙure hanyar koke ta cikin gida, kuma a 2006 Kotun Ƙoli ta ce sai an bi ta daidai da wa'adinta. Wa'adin nan gajeru ne. A jihar New York, misali, kwana 21 ne, kuma hawa uku ake yi. Ba dole ba ne ya kawo hujjar hakan a takardar ƙara, waɗanda ake ƙara ne za su tayar da maganar, amma ki tabbata za su tayar. In ya bi, ya adana kowace takarda kamar kuɗi. In bai bi ba saboda an hana shi fom, ko an tsorata shi, ko an yaudare shi, a 2016 Kotun Ƙoli ta ce hanyar da jami'ai suka toshe ba a ɗora wa fursuna laifin rashin bin ta. Wannan ma da rana da suna ake faɗar sa. Ki kuma tuna masa wayar gidan yari ana naɗar ta, kada ya zagi kowa ko ya yi barazana. Ya nemi kwafin fayil ɗinsa na asibiti tun yanzu, kuma duk ranar da aka sauya masa gidan yari ya sanar da kotu sabon adireshi, don ƙararraki da yawa a kan wannan kaɗai suke mutuwa.

To, fili. Shawarata kada a sayar, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba a kan lauyan da aka ji labarinsa a bakin wani ba. Lauyoyin da ke irin wannan aiki a can yawanci ba sa karɓar kuɗi a gaba, sai an ci shari'a, kuma dokar PLRA ta ƙayyade musu lada, shi ya sa da yawa ke gudun ƙarar fursuna. Wanda ya ce a kawo dubban daloli tukuna, ya kuma yi alkawarin nasara, a yi hattara da shi. Kowace jiha tana da rajistar lauyoyi a intanet, a duba sunansa ko yana da lasisi ko an taɓa hukunta shi, kuma kada sisi ya fita sai da yarjejeniya a rubuce. Kafin nan akwai ƙofofin da ba sa cin kuɗi. Yana iya roƙon alƙalin ya nema masa lauyan sa-kai. Ba haƙƙi ba ne a shari'ar da ba ta laifi ba, amma akan dace, musamman bayan ƙara ta tsallake tacewa kuma maganar likitanci ce. Akwai tsangayoyin koyar da lauya da ke ɗaukar irin wannan, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su ACLU da matarsa za ta iya rubuta wa. In har yanzu ɗan Nijeriya ne a takarda, ku sanar da ofishin jakadanci a Washington ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta. Ba za su tsaya masa a kotu ba, amma suna da hurumin ziyartar sa, kuma fursunan da aka san ana bibiyar sa ba a cika wasa da maganinsa ba. Lauyan da aka samu kuma a tambaye shi maganar ƙarar sakacin likita a kotun jiha, don ita ba ta buƙatar a nuna ganganci, sai dai wa'adinta kan yi gajarta ƙwarai.

Ƙaninki ba mugu ba ne. Mai yiwuwa shekara huɗu yana ganin kuɗi na fita, ga kunyar da ake sha a unguwa, filin nan kuma shi ne abu na ƙarshe da ke ɗauke da sunan Baba. Sai dai ya sani yayanku yana da kasonsa a ciki, ɗauri bai soke masa gado ba. In wata rana lauya na gaskiya ya ce ana buƙatar kuɗin likitan da zai ba da shaida, sai ku zauna da malami ko dattijon gidanku a kimanta filin, a fitar da kason yayan, wanda ke da hali a cikinku ya saya, fili ya zauna a gida. Kason Hajiya da naki da na ƙani ba wanda zai tilasta muku sadaukar da su.

Shi kuma yayan, in ya kira kada ki buɗe da “ba za mu sayar ba.” Mutumin da ya zuba baƙin cikinsa a shafi ashirin da shida aka mayar masa da shafi uku, ji yake an ce masa ƙafarsa ba ta da daraja. Ki fara da cewa kin yarda da shi. Sannan ki ce masa ya ɗauko hukuncin ya bi shi layi-layi kamar mai gyaran allo, duk inda alƙali ya ce babu kaza, ya sa kaza in gaskiya akwai. Abin da bai faru ba kada ya ƙara ko kalma ɗaya, komai yadda abokin nan nasa ya zuga shi. Taimakon fursuna ga fursuna halal ne a dokarsu tun 1969, amma sa hannun nasa ne, alhakin ma nasa ne. Sabuwar takardar kuma ta zama cikakkiya da kanta, don takan maye gurbin tsohuwar ne gaba ɗaya. In gwiwarsa ta yi sanyi, ki ba shi labarin Gregory Holt, wanda ake kira Abdul Maalik Muhammad, fursuna Musulmi a jihar Arkansas da aka hana shi ajiye gemu. Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a ta biyu, ya rubuta wa Kotun Ƙoli da hannunsa, a 2015 alƙalai tara duka suka ba shi gaskiya a kan gemu rabin inci. Irin wannan ba ya yawan faruwa, kada in ruɗe ki, amma abin da ya nema ƙarami ne bayyananne, kuma bai bar wa'adi ya wuce shi ba.

Maganar Hajiya kuwa, ni ban ga dalilin a kai mata kalmar “kora” a daren nan ba, alhali ku kanku ba ku san ko korar ta ƙarshe ce ba. Ban kuma yarda a yi mata ƙarya ba, don rigimar fili ba ta ɓoyuwa, kuma gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a bakin maƙwabta. Ki jira takardar ta iso. In izinin gyara ne, ki same ta bayan ta sha maganinta ta huta, ke da ƙanin tare, ki ce mata alƙali ya mayar masa da takardarsa ya gyara, an ba shi lokaci, addu'arta ake nema. In ta tambayi ƙafar, ki gaya mata yadda take. In kuma an rufe shari'ar ne, ki sake rubuto mini da ranar da ke kan hukuncin da dalilin da alƙalin ya bayar, mu duba tsakanin roƙon sake dubawa da ɗaukakawa wanne ya fi masa.